Sunan Baffa a Sama, Adireshina a Ƙasa

Ni ne na yi kuskure, kuma gara in faɗi haka tun daga farko, kada wani ya karanta rabi ya ɗora wa kwamfuta laifi kamar yadda ni na ɗora mata. Abin da na rubuta mata shi ta yi, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba.

Shekarun baya ina da ɗan shago a Gwarzo, kusa da tasha. Ina buga wa mutane takardu, ina yin fotokofi, lokacin jarrabawa kuma in yi wa ɗalibai rajista. Karatuna na boko bai wuce sakandare ba, sai wata shida da na yi a wata makarantar koyon kwamfuta a Kano. Amma a garinmu Garo, wata shidan nan sun isa a riƙa ce mini Injiniya, ni kuma ban taɓa cewa a daina ba. A lokacin na fara koyon rubuta kod, wato umarnin da ake jera wa kwamfuta ta riƙa yin aiki da kanta. A waya nake koyo, in kalli bidiyo in kwafa. Abin da na iya kaɗan ne, amma in ka ga tafiyata da jakar kwamfuta a kafaɗa sai ka rantse ni na ƙera ta.

Baffana, yayan mahaifina, shi ke da makarantar Islamiyyar da duk muka yi karatu, kuma shi ya riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu. Mutum ne marar yawan magana. Ba ya riƙe waya, in ana nemansa sai dai a kira wani ya kai masa. A shekarar aka shirya saukar karatu babba cikin watan Sha'aban, aka ce a gayyato tsofaffin ɗalibai duk inda suke. Na kusa, irin su Kabo da Masanawa da Gwarzo, mutum ake aikawa a babur da kati. Na nesa kuwa, waɗanda aiki ya kai su Kaduna da Abuja da Legas, da yawansu sun canza lambar waya, abin da ya rage a littafin ƙungiyar tsofaffin ɗalibai shi ne adireshinsu na imel. Sun haura ɗari.

Sakataren makarantar abokina ne, benci ɗaya muka zauna tun muna yara. Shi ke riƙe da akwatin imel na makaranta da kalmar sirrinsa. A zaman kwamiti ya ce zai riƙa aikawa da hannu, goma-goma kullum, har ya gama. Na yi dariya a gaban dattawa, na ce wannan ai aikin mutanen da ne, ni zan rubuta abin da zai aika wa kowa takardarsa da sunansa a kai, kafin a gama shan shayi. Dattawa suka jinjina kai, aka ba ni aikin. Abokina ya miƙo mini littafin.

Akwai mutum ɗaya a cikin littafin da dole in yi bayaninsa. Shi ne ɗalibin Baffa na farko, a gidanmu ya tashi, shi ya goya mu, muna ce masa Yaya. Kowa ya ɗauka shi zai gaji makarantar. Bayan ya dawo daga jami'a, wata rana ana karatu a zaure da baƙi a zaune, sai ya gyara wa Baffa wata mas'ala ta fiƙihu, a gaban kowa, da murya sama. Baffa ya rufe littafi ya ce masa tunda ya zama malaminsa, to zauren nan ya yi masa kaɗan. Washegari Yaya ya ɗauki jakarsa. Ya samu koyarwa a wata kwaleji a Yola, ya yi iyali a can. Sama da shekara goma bai tako Garo ba, bai kira kowa ba, a gidan kuma ba a ambaton sunansa in Baffa na kusa.

Ana saura mako uku sauka, bayan la'asar, Baffa ya kira ni gefe. Bai dube ni ba, bakin rigarsa yake gyarawa.

Ya ce, "Wancan na Yola, yana cikin takardar taku?"

Na ce yana ciki, Baffa.

Ya ce, "To shi ka ƙara masa layi ɗaya. Ka ce in yana da hali ya zo, wurinsa na nan."

Ya shige gida. Ni da na san Baffa, na san abin da wannan layi ɗaya ya ci masa kafin ya fito daga bakinsa.

Yanzu ga inda na yi ɓarnar. A cikin kod ɗin da ke aika imel akwai layin da ake faɗin daga wa saƙon ya fito. Layin kashi biyu ne. Akwai sunan da mai karɓa zai gani, wannan kowane suna ka ga dama za ka iya rubutawa. Sai kuma adireshin da ke ƙarƙashin sunan, wanda shi ne ainihin akwatin da saƙon ya fito, kuma in mutum ya danna wurin amsawa, can amsarsa za ta tafi. Na rubuta sunan Baffa da na makaranta a sama, na sa adireshin makaranta a ƙasa, na danna. Kwamfuta ta ƙi. Ta fito mini da jan rubutu, ma'anarsa dai ba za a aika saƙo da adireshin da ban da kalmar sirrinsa ba. Kuma gaskiyarta ce, in ba haka ba kowa sai ya riƙa rubuta wasiƙa da sunan kowa.

Maganin abin mai sauƙi ne: in ɗaga waya in kira abokina ya ba ni kalmar sirrin. Amma ni da na yi masa dariya a gaban dattawa, yaya zan koma in ce aikina ya tsaya sai da shi? Sai na buɗe sabon akwati nan take. Ban ma tsaya neman suna mai kyau ba, kalmar "gwaji" na sa da wasu lambobi uku, da niyyar in gwada kawai in canza daga baya. Kalmar sirrinsa na rubuta a bayan kwalin takardar fotokofi. Na sa wannan adireshi a ƙarƙashin sunan Baffa, na danna, sai ga shi ya tafi. Daɗi ya kama ni. Maganar canzawa daga baya ta bi iska. A can ƙarshen takardar gayyatar na rubuta adireshin makaranta da manyan haruffa, na ce wa kaina duk mai son amsawa ai yana da ido.

Abokina na fara aika wa, don ya gani ya san an wuce wurin. Da yamma sai ga shi a shago da wayarsa a hannu. Ya taɓa sunan Baffa da yatsa, adireshin ya fito.

Ya ce, "Injiniya, wannan Gwajin ɗan gidan wa ne a Garo? Ban san Malam ya yi sabon suna ba."

Na ce masa wannan mota ce kawai da ke ɗaukar saƙo, ba ruwan kowa da lambar mota. Ya tambaye ni in an amsa ina za ta je. Na nuna masa manyan haruffan da ke ƙasa. Ya ce mutane ba sa karanta ƙasan takarda, wurin amsawa kawai suke dannawa. Ya ce ga shi nan tsaye, in ba shi kwamfutar ya sa kalmar sirrin makaranta da hannunsa, ko kuma in duba, ba za a rasa layin da ake faɗin inda amsa za ta koma ba. Daga baya na gano akwai layin, kuma guda ɗaya ne tak, bai kai rabin minti a rubuta shi ba. Amma a ranar cewa na yi gayyatar sauka ba takardar neman aure ba ce da za a zauna jiran amsa, ya je ya ci gaba da rubuta sunayen masu makara. Ya yi murmushi, ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Washegari na tura duka. Kafin janareta ya gama ɗumama sun fita, har da ta Yaya mai ƙarin layi. Na yi ta ba da labari a majalisa kamar na harba kumbo.

Tun daga ranar, kullum in an tashi karatun safe, Baffa zai tsayar da abokina ya ce, akwai wani labari? Bai taɓa cewa labarin wa ba. Abokina ya duba akwatin makaranta a wayarsa ya ce babu, Malam. Baffa ya ce to, ya wuce. Da aka kwana biyar ana haka, abokina ya kira ni ya ce don Allah in leƙa akwatin gwajin nan. Na ce to. Na duba kwalin da na rubuta kalmar sirri, ashe an riga an ba mai ƙosai ya tafi. Dawo da kalmar sirri ba wani aiki ba ne, amma akwai layin ɗalibai a shago, kuma can cikin raina ba na son in buɗe in tarar abokina ke da gaskiya. Da ya sake kira sai na ce na duba, babu komai. Wannan ita ce ƙaryata ta farko.

Ranar sauka gari ya cika. Tsofaffin ɗalibai da yawa sun zo, don wasu sun nemo lambar abokina sun kira, wasu kuma sun taho kawai. Aka yi ta yaba mini, har wani Alhaji daga Abuja ya dafa kafaɗata ya ce ashe Garo ma an shigo zamani. Babu wanda ya lura da wani abu, sai ni da abokina da mahaifiyata da ke leƙowa daga rumfar mata. Baffa ya sa an shimfiɗa buzu guda a damansa. Wani dattijo ya zo zai zauna, Baffa ya ce masa a hankali ya matso nan hagu, wannan da mai shi. Duk babur ɗin da ya tsaya a bakin hanya sai ya ɗaga kai. Yara suka yi karatu, aka raba allo da shahada, aka ci abinci, aka yi addu'a. Da jama'a suka watse, shi da kansa ya sunkuya ya naɗe buzun, ya saƙale shi a hammata ya shiga gida.

Azumi ya zo ya wuce. Baffa ya daina tambayar labari.

Bayan ƙaramar Sallah kwamiti ya ce a tura wa tsofaffin ɗalibai hotunan sauka. Na buɗe kod ɗina, ya ƙi aiki, wai sai an shiga akwatin an tabbatar da mai shi. Dole na dawo da kalmar sirri ta lambar wayata. Ina shiga na ga amsoshi sun kai arba'in. Masu godiya, masu ba da uzuri, wata tsohuwar ɗaliba da ke tambayar ko akwai masaukin mata. A tsakiyarsu akwai uku daga Yaya.

Ta farko a ranar da na aika ya rubuto ta. Bayan doguwar gaisuwa ya ce: "Malam, na ga sunanka a sama, amma adireshin da ke ƙasa ban gane shi ba, har da kalmar gwaji a jiki. Ina tsoron ko yara ne suka tura wa kowa da kowa, wani ya ƙara layin nan don ya gyara tsakaninmu ba da saninka ba. Ba na son in zo in tsaya a gaban jama'a in sa ka cikin kunya karo na biyu. In da gaske kai ka ce wurina na nan, ka sa a rubuto mini kalma ɗaya, in taho."

Ta biyu ana gobe sauka ce. Gajeriya. Ya ce ya ɗauki izini a wurin aiki, jakarsa a haɗe take, in amsa ta zo ko da safe ne zai kama hanya, ko bai samu taron ba zai samu Malam.

Ta uku bayan sauka da kwana biyu. "Na fahimta, Malam. Ni na jawo. Ba zan sake damunka ba. Allah ya ƙara wa makaranta albarka."

Na karanta su sau uku. Na rufe kwamfutar, na fita bakin shago na tsaya ina kallon masu lodin motar Kano. Abin da ya kamata in yi a bayyane yake, Garo ba nisa, kafin azahar na isa. Amma abin da ya fara zuwa raina ba Baffa ba ne, ba kuma Yaya ba. Fuskar abokina ce, da dariyar da na yi masa, da ƙaryar da na yi cewa na duba. Na ce wa kaina bari in samu lokacin da ya dace. Hotunan kuma na ce wa kwamiti sun yi nauyi, ba sa tafiya.

Lokacin da ya dace bai zo ba har mako shida. A cikin makonnin nan na zauna a majalisa ana cewa Yaya girman kai ne da shi, an kira shi har da lallami ya ƙi ko amsawa, boko ya ɓata shi. Ban ce uffan ba. Wata rana ma har kai na gyaɗa. Abinci ya daina yi mini daɗi, na riƙa daɗewa a Gwarzo don kada in haɗu da Baffa. Mahaifiyata ta tambaye ni ko rashin lafiya nake, na ce aiki ne ya yi yawa.

A shekarar Allah ya kira Baffa aikin Hajji. Kun san al'adarmu, mai tafiya Makka ba ya tafiya sai ya bi gida-gida ya nemi yafiya, don ba shi da tabbacin dawowa. Baffa ya ɗauki abin da gaske. Ni nake goya shi a babur. Muka je Kabo wurin wani da suka taɓa saɓani kan iyakar gona, muka je Masanawa wurin ƙanwarsa da wasu iyayen yara. Dattijo mai furfura yana durƙusawa a zauren mutane yana cewa in ya taɓa ɓata musu su yafe masa. A hanyar dawowa daga Masanawa ya ce in tsaya a gindin wata ɗorawa ya huta. Damina ta fara, ana ta shuka a gonaki. Muka zauna a kan saiwa.

Sai ya juyo ya ce ni ma in yafe masa. Ya ce ya dake ni da yawa ina yaro, wani dukan don karatu ne, wani kuwa fushinsa ne kawai ya sauke a kaina, kuma ni maraya ne. Na rasa inda zan sa kaina. Na ce babu komai, Baffa, ni ne mai neman yafiya. Ya ce a'a, yau ranarsa ce.

Can ya ce, "Saura mutum ɗaya. Shi kuma na aika bai amsa ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ka san mas'alar nan, shi ke da gaskiya. Tun a ranar na duba littafin na gani. Shekara goma ina sane. Zan je gaban Ɗakin Allah da haƙƙin yaron nan a wuyana."

Ashe duk tsawon watannin nan ba fushi yake da Yaya ba. Ɗauka ya yi an ƙi yafe masa. Can a Yola kuma Yaya ya ɗauka shi aka ƙi yafe wa. Kowannensu ya miƙa hannu, hannayen suna kwance a akwatin da na buɗe don kada in roƙi abokina kalmar sirri.

Ina so in ce muku a nan gindin ɗorawar na faɗi gaskiya. Ban faɗa ba. Na tayar da babur na kai shi gida.

Washegari dai na buga wasiƙun uku a takarda na tafi Garo. Na samu Baffa a zaure an tashi karatu, abokina na tattara rajista. Na durƙusa na ce, Baffa, ashe an amsa, na'ura ce ta ɓoye saƙonnin a wani wuri, jiya ina bincike na ci karo da su. Babbar ƙarya ta biyu ke nan, kuma ta fi ta farko kyan gani, don ta zo da abin alheri a hannunta. Abokina ya karɓi takardun. Ya dubi adireshin da ke samansu, ya dube ni sau ɗaya. Ya karanta wa Baffa su a jere. Baffa ya ce a maimaita ta biyun, mai maganar jaka a haɗe. Aka maimaita. Ya sa gefen rawaninsa ya goge ido, ya ce a rubuta masa yanzu, amma daga inda in ya amsa za ta same shi.

Abokina ne ya rubuta, da hannu, a wayarsa, daga akwatin makaranta, irin aikin mutanen da ɗin nan da na yi wa dariya. Kalma ɗaya Yaya ya roƙa, Baffa ya ba shi biyu: "Ka taho." Abokina ya ƙara bayanin tafiyar Hajji da lambar wayarsa a ƙasa. Ba a gama naɗe tabarmi ba wayar ta yi ƙara. Aka miƙa wa Baffa. Muna jin muryar Yaya ta cikin wayar, shi kuwa Baffa sai gaisuwa yake jerawa, ya iyali, ya yara, ya aiki, an samu ruwa a Yola kuwa, kamar jiya suka rabu.

Bayan kwana biyu na je tashar Gwarzo na ɗauko Yaya. Furfura ta fito masa a gemu, sai da ya kira sunana na gane shi. A babur yana ta tambayar su wane da wane, wasu in ce suna nan, wasu in ce sai haƙuri. Da muka isa, tun daga bakin hanya ya cire takalmi ya riƙe a hannu. Ya shiga zaure ya durƙusa zai fara magana, Baffa ya riga shi, ya ce shi ke da gaskiya a mas'alar nan, ya yafe masa. Yaya ya kifa kai a gwiwar Baffa yana kuka kamar yaro. Aka shiga gida aka ɗauko buzun.

Da hankali ya kwanta, Yaya ya nuna ni ya ce wa jama'ar zaure in ba don ƙanen nan nasa ya yi naci ya tono saƙonnin ba, da Malam ya tafi ba su gana ba. Baffa ya ɗora hannu a kaina ya yi ta sa mini albarka, mutane suna amin. Abokina na tsaye a bakin ƙofa, shi ma yana amin.

Da na shiga gida mahaifiyata na tankaɗe. Ba ta ɗago ba ta ce ta ji an yi ta sa mini albarka a zaure. Na ce e, Inna. Ta ce, "Taka ce kuwa?" Ta ce ita ba ta san kwamfuta ba, amma ta san ɗanta, mako shida ba ya cin tuwo, kuma mutumin da ya tsinci abu jiya ba ya ramewa tun watan jiya. Ta ce jibi Baffa zai tafi, in ga yadda zan yi.

Yau shekaru sun ja. Yaya ya dawo da iyalinsa Kano, duk ƙarshen mako yana Garo, shi ke ɗaukar manyan ɗalibai karatun fiƙihu, Baffa na gefe a kan buzu yana saurare, wani lokaci ya gyara masa, su yi dariya. Ni kuma har yanzu ina wannan aiki, ina haɗa wa makarantu da ƙungiyoyi abin aika saƙo, kuma na ɗan fi da iyawa. Kafin in tura ko saƙo ɗaya, sai na tabbatar adireshin da ke ƙarƙashin suna na mai sunan ne, da saninsa da izininsa. Sai na tura wa kaina, in danna wurin amsawa, in ga inda ta faɗa, in kuma tambayi wane ne zai riƙa buɗe akwatin. In ba a nuna mini mutum ba, ba na turawa. Tun muna yara, in Baffa ya aike ka ba ka gama aike ba sai ka dawo ka durƙusa ka ce ga abin da aka ce. Na san wannan tun kafin in san kwamfuta. Amma na zauna na ƙera ɗan aike mai zuwa kawai, na sa masa rigar Baffa, don kada in ce wa abokina ina buƙatarsa.

Na dai faɗa, a safiyar da za a kai Baffa sansanin alhazai a Kano. Dukkansu sun yafe. Baffa ya ce albarkar da ya sa bai janye ba, yanzu ne ma ta samu wurin zama. Abokina kuwa har gobe in ya ga dama Malam Gwaji yake kirana, kuma ina amsawa. Amma lokacin da na shiga zauren ban san haka za ta kasance ba. Mota na jira a waje, an sa jaka a but, Baffa da Yaya na zaune, abokina na riƙe da takardun tafiya. Na durƙusa a tsakiya, na ce:

"Baffa, kafin ka tafi. Ba na'ura ce ta ɓoye saƙonnin nan ba, ni ne. Ni na sa sunanka a kan adireshin da ba naka ba. Abokina ya gargaɗe ni na raina shi, ya ce in duba na ce na duba alhali ban duba ba. Kuma ba cikin makon nan na gan su ba, mako shida suna hannuna ina kallonka kana zaton an ƙi ka. Yaya, ni na hana ka zuwa sauka, ana zaginka a majalisa ina zaune na yi shiru. Ba ni da wani uzuri. Don Allah ku yafe mini, ku ukun."